Filin Lafiyar Dabbobi: Ƙurajen da ke Fito wa Kyanwa a Haɓa

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowar a kan abu guda suke, wato baƙaƙen ƙurajen da ke fito wa kyanwa a haɓa da leɓen ƙasa. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, muka amsa su tare.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da farar kyanwa, shekararta 3. Kwanan nan na lura da wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin haɓarta, kamar an barbaɗa mata garin gawayi. In na goge da tsumma sai su fita, bayan kwana biyu su dawo. Tana cin abincinta, tana wasanta, ko sosa wurin ba ta yi. Datti ne ko cuta?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Abin da kika kwatanta ya yi daidai da matakin farko na ƙurajen haɓa, kuma kin yi sa'a da kika gan su tun yanzu. Farin gashi ne ya taimake ki. A jikin baƙar kyanwa sau da yawa sai sun kumbura ake ankara.

Ga yadda suke samuwa. Kowane gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, kuma a gefen ramin akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Haɓar kyanwa da leɓɓanta na daga cikin wuraren da waɗannan jakunkuna suka fi yawa da girma. Da wannan maiƙon take shafa warinta idan ta goga haɓarta a ƙafar kujera ko a hannunki. Bangon ramin kuma kullum yana sakin matacciyar fata, wadda ake kira keratin. A lafiyayyar fata, maiƙon da keratin ɗin suna fitowa sannu a hankali su bi gashi su tafi. A kyanwa mai wannan matsala keratin ɗin yana yin yawa, ya cakuɗu da maiƙo, ya toshe bakin ramin. Saman toshiyar da iska ke taɓawa shi ne ke yin baƙi. Abin da kike gogewa ɓarɓashin sama ne kawai, tushen yana nan cikin ramin, shi ya sa yake dawowa.

Kafin komai, ki yi wannan gwajin. Ki taje ɗan baƙin a kan farar takarda ko auduga mai danshi, ki jira minti ɗaya. In ya narke ya bar jan tabo, kashin ƙuma ne, domin kashin ƙuma busasshen jini ne, kuma za ki same shi a gadon baya da gindin wutsiya ma. In ya tsaya baƙi bai sauya ba, kuma a haɓa kaɗai yake, to ƙurajen ne.

Har yanzu binciken likitocin dabbobi bai tsayar da dalili guda ɗaya tak ba. Abubuwan da aka fi ganin suna tafiya da matsalar su ne ƙazantar kwanon abinci, gazawar kyanwa wajen tsaftace haɓarta (harshenta ba ya kaiwa wurin, da ƙafar gaba take gogewa), takura da tsoro, alaji, murar kyanwa, da raunin garkuwar jiki. Ba ta da alaƙa da balaga kamar ƙurajen fuskar samari da 'yammata. Tana kama mace da muzuru, ƙarama da tsohuwa, wadda aka yi wa fiɗiya da wadda ba a yi wa ba.

Tunda babu ja, babu kumburi, babu ƙaiƙayi, ba ta buƙatar maganin sha. Tsafta ce maganinta, kuma ga yadda ake yi. Ki jiƙa tsumma mai laushi a ruwan ɗumi, ki gwada a bayan hannunki, in ya yi miki zafi to ya yi mata yawa. Ki matse, ki dafa a haɓar na minti 3 zuwa 5, kina sake jiƙawa idan ya huce. Ɗumin yana tausasa toshiyar. Sai ki goge da auduga a hankali, kina bin yadda gashin ya kwanta, daga leɓe zuwa wuya. Kada ki dirza. Daga nan ki shafa ruwan kulohezidin, wato maganin wanke ciwo mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda aka sirka: in mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ne, mililita 5 a cikin mililita 200 na tafasasshen ruwan da ya huce. Ki duba jikin kwalbar, ki guji wanda aka haɗa da giyar asibiti, wato sifirit, ko sinadarin setirimaid, domin suna ƙona bakin kyanwa idan ta lasa. Kada ya taɓa ido, kada ya shiga kunne. A ƙarshe ki tsane wurin da busasshen tsumma, domin danshin da aka bari a gashi shi ne ke kiran ƙwayoyin cuta.

Sau ɗaya a rana ya isa, tsawon mako 2, sannan ki rage zuwa sau biyu ko uku a mako. In mai dogon gashi ce, a rage gashin haɓar da injin aski. Almakashi kam a ajiye shi, fatar wurin tana da laushi kuma kyanwa ba ta sanar da lokacin da za ta fizge kai.

TAMBAYA: Likita, na ji ana cewa kwanon roba ne ke kawo wannan ciwo. Gaskiya ne? Kwanon da muzuruna ke ci a ciki ya kai shekara biyu, amma ina ɗauraye shi lokaci-lokaci.

AMSA: Malam, maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Akwai kyanwoyi da yawa da ba su taɓa cin abinci a roba ba kuma suna da ƙurajen, akwai kuma masu ci a roba duk rayuwarsu haɓarsu fes. Sai dai likitocin dabbobi sun sha ganin haɓa ta warke bayan an sauya kwano kawai, don haka shi ne abu na farko da muke ba da shawarar a gwada.

Ɗauko kwanon naka ka wanke, ka shanya, ka karkata shi a haske. Za ka ga ƙananan zane-zane da ƙarce a cikinsa. Maiƙon abinci da yawu suna shiga waɗannan tsaguna, bakteriya su zauna a ciki su yi wata yauƙin da ɗauraya ba ta fitar da ita. Shafa yatsa a ƙasan kwanon ruwansa, santsin da za ka ji ita ce. Duk lokacin da ya sunkuya zai ci, haɓarsa na gugar bakin kwanon.

Ka koma kwanon ƙarfe marar tsatsa, ko gilashi, ko tangaran mai sheƙi. Tangaran ɗin da ya tsage ko bakinsa ya ɓantale ya zama ɗaya da roba, a yar da shi. Ka zaɓi mai faɗi marar zurfi, don haɓar ba za ta riƙa nitsewa cikin abinci ba. Kwanon abinci mai danshi a wanke shi da ruwan zafi da sabulu bayan kowane ci, na busasshen abinci da na ruwa kuma kullum sau ɗaya. A ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe. Wanki lokaci-lokaci ba zai wadatar ba ko da kwanon na gilashi ne. Kada ka manta da shimfiɗar da yake ɗora haɓa in zai yi barci, a wanke ta duk mako. Ka ba wannan sauyin mako 3 zuwa 4 kafin ka yanke hukunci a kansa.

TAMBAYA: Don Allah Likita a taimaka. Na ga ƙurajen a haɓar kyanwata sai na matse su da farce, wani abu fari-fari ya fito. Yanzu kwana huɗu ke nan haɓar ta kumbura suntum, ta yi ja, jini da mugunya na tsatsafowa, gashin wurin ya zube. Ba ta bari a taɓa ta, abinci ma da ƙyar take ci.

AMSA: Malama, sannu, amma wannan ya wuce jinyar gida. Ki kai ta wurin likitan dabbobi yau ko gobe da safe.

Bari mu bayyana abin da ya faru, domin masu matse ƙurajen nan suna da yawa kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Bangon ramin gashi siriri ne ƙwarai. Idan aka matsa, kaɗan ne ke fitowa waje, sauran kuma sai ramin ya fashe ta ciki ya zubar da keratin da guntun gashi da bakteriya cikin naman fata. Jiki ba ya yarda da keratin a wannan wurin, yana ɗaukarsa baƙon abu, sai ya taso masa da kumburi mai tsanani. Ga kuma bakteriya sun samu ƙofa. Waɗanda aka fi samu a irin wannan ciwo su ne stafilokokas, da stireftokokas, da fasturela wadda dama a bakin kyanwa take zaune. Wani lokacin ƙwayar yis, wato wata ƙwayar cuta ta dangin naman gwari, mai suna malaseziya ma takan shiga. Daga nan sai ƙananan maruru su haɗe su zama ciwo guda mai ƙofofi da dama. Ramin yakan fashe da kansa ma idan kyanwar na sosawa da farcen ƙafar baya, ba sai an matsa ba.

A asibiti, ki sa ran za a aske wurin a wanke, wataƙila sai an yi mata allurar kwantar da jiki saboda zafin. Likita zai dangwali mugunyar a kan gilashi ya duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta, don ya san bakteriya ne ko yis ko duka biyun. Zai iya kankaro fatar kaɗan ya nemi ƙwaron demodes mai zama cikin ramin gashi, ya kuma tsige 'yan gashi don gwajin makero. Kada ki ga kamar ɓata lokaci ne. Waɗannan cututtuka uku suna kama da juna a ido, amma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ciwon da ya yi zurfi haka, man shafawa kaɗai ba ya kaiwa gindinsa. Yawanci ana ba da maganin bakteriya na sha, irin su amokzisilin mai haɗe da kilabulanet ko kilindamaisin, ko allurar sefobesin wadda ke aiki kusan kwana 14 ga kyanwar da ba ta yarda da ƙwaya. Nauyin jikinta ne ke tsayar da yawan maganin, shi ya sa ba za mu rubuta adadi a nan ba. Jinyar takan ɗauki mako 2 zuwa 6 gwargwadon zurfin ciwon. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne a mako na biyu: saman ya bushe, ɓawon ya faɗi, mai kyanwa ya ga ta warke ya ajiye magani. Alhali fata daga sama take fara rufewa, ƙasan na nan da sauran ƙwayoyi, kuma waɗanda suka rage su ne masu taurin kai. Ki ƙarasa maganin har ranar da likita ya faɗa, ki kuma mayar da ita ya taɓa wurin da hannunsa kafin a tsaya. In kumburin ya yi yawa zai iya ƙara mata maganin rage kumburi mai suna furednisolon na 'yan kwanaki. In an sha magani ba a ga sauƙi ba, sai a tura mugunyar ɗakin gwaji a gano maganin da ke kashe ƙwayar takamaimai.

Kafin ki isa asibiti, ki gasa wurin da ruwan ɗumi in ta yarda, in ba ta yarda ba ki ƙyale ta. Ki ba ta abinci mai laushi a faranti marar baki. Maganar cin abincin nan ta fi damunmu a wasiƙarki: kyanwar da ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba tana iya kamuwa da ciwon taruwar kitse a hanta, musamman in mai ƙiba ce. Ki kuma sani wurin zai iya barin tabo, gashi ba lallai ya dawo duka ba.

TAMBAYA: Likita, ina da man ƙurajen fuska da nake amfani da shi, yana yi mini aiki. Zan iya shafa wa kyanwata? Wani kuma ya ce in wanke da Dettol in ba ta rabin farasitamol don zafin.

AMSA: Malama, duka ukun kada ki yi, na ƙarshen kuma kisa ne. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum da ta kare ke amfani da shi wajen narkar da wasu magunguna su fita daga jiki. Farasitamol yana lalata mata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Cikin 'yan awoyi dasashinta zai koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa, rabinta ma guba ce. Ibufurofen da asfirin su ma ba a ba ta su a gida.

Dettol da danginsa masu sa ruwa ya yi fari suna ɗauke da sinadarin dangin fenol, wanda ke shiga ta fata kuma hantarta ba ta iya fitar da shi da sauri. Haka man itacen shayi na Ostareliya da ake sa wa kayan gyaran fuska da yawa: ɗigo kaɗan na tsantsarsa na sa kyanwa dalalar yawu, rawar jiki da tangaɗi.

Man fuskarki kuma, mai yiwuwa benzoyil ferokzaid ne mai ƙarfin kashi 5 ko 10 cikin 100, ko mai sinadarin salisilik, ko retinoyid. Fatar kyanwa ta fi ta mutum siranta, irin wannan ƙarfin zai ƙona ta. Gaskiya ne likitoci na amfani da benzoyil ferokzaid a wasu lokuta, amma wanda aka yi don dabbobi, mai kashi 2.5 zuwa 3, a wanke a ɗauraye, kuma ko shi ma wasu kyanwoyin ba sa jure shi. Mayukan nan masu haɗi uku da ke ɗauke da sitiroid su ma a nisance su, sukan kwantar da jan na kwana biyu su bar ƙwayoyin cuta na yaɗuwa a ƙasa. Giyar asibiti da haidurojin ferokzaid suna kashe sabuwar fatar da ke ƙoƙarin rufe ciwon.

Ka'idar da za ki riƙe ita ce, duk abin da kika shafa a haɓar kyanwa, a cikinta zai ƙare. Za ta goge da ƙafa ta lashe ƙafar. Ko man da likita ya rubuta, kamar mufirosin mai kashi 2 cikin 100 da ake shafawa sau biyu a rana na kimanin mako 3, ɗan kaɗan ake laƙatowa, a murza ya shige, sannan a ɗauke mata hankali da wasa na minti 10.

TAMBAYA: Kyanwoyina uku ne, biyu sun kamu a wata ɗaya. Yarana kuma suna yawan ɗaukarsu. Ana ɗauka ne?

AMSA: Malam, ƙurajen haɓa ba sa tsallakawa zuwa mutum, kuma ba cuta ce da kyanwa ke shafa wa 'yar'uwarta ba. Idan biyu suka kamu tare, a duba abin da suka yi tarayya a kai: kwano ɗaya, murar da ta zaga su, ko rikici a tsakaninsu. Ka ba kowacce kwanonta, a wurare daban-daban.

Amma tunda akwai yara, ka sa a tabbatar ba makero ba ne, domin shi yana kama mutane. Alamarsa ita ce gashi ya karye ya zube a zagaye, fatar ta yi furfura-furfura, sau da yawa har a kunne da fuska da ƙafafu. In ka ga haka, ko wani yaro ya fito da jan zobe mai ƙaiƙayi a hannu ko wuya, a kai kyanwoyin ukun gwaji, yaron kuma a kai shi asibiti.

TAMBAYA: Likita, shekara guda ke nan ina fama. A yi magani su tafi, bayan wata biyu su dawo. Kyanwar ta kai shekara 11 kuma tana da ƙiba. Babu maganin da zai kawar da su gaba ɗaya ne?

AMSA: Hajiya, wasu kyanwoyin sau ɗaya suke yi a rayuwa ba su ƙara ba, wasu kuma haka fatarsu take, sai dai a riƙa lallaɓawa. Ga irin taki, abin da ake nema shi ne kada baƙin ɗigon ya kai ga zama maruru. Wato gasawa da gogewa sau biyu ko uku a mako ko da haɓar ta yi fes, da goge mata baki da tsumma mai danshi bayan ta ci abinci mai maiƙo. Yawancin masu cewa ciwon ya dawo, in aka bincika, sun daina tsaftar ne ranar da wurin ya washe. A gefe guda kuma kada a wuce gona da iri. Wanki sau uku a rana da magani mai ƙarfi yana busar da fata ya tsattsaga ta, ciwon ya ƙaru. In kika ga wurin ya yi ja yana saɓa bayan wanki, ki tsaya kwana 3, sannan ki koma da ruwan ɗumi zalla.

Shekarunta da ƙibarta sun sa muna zargin ba ta iya gyara jikinta yadda ya kamata. Ciwon gaɓoɓi ya zama ruwan dare ga kyanwar da ta haura shekara 10, kuma ba ta nuna shi da ɗingishi, sai dai ki ga ta daina hawa sama, gashin bayanta ya duƙunƙune. Ciwon haƙori ma yana sa dalalar yawu da ke jiƙa haɓa dare da rana. Ki roƙi likita ya buɗe bakinta ya duba, ya gwada jininta don ciwon sukari da ƙoda, da cututtukan nan biyu masu karya garkuwar kyanwa da ake kira FIV da FeLV. In tana sosa kunne da wuya, ko tana lasar cikinta har gashi ya zube, to akwai alamar alaji. Sai a fara da maganin ƙuma na kyanwa duk wata. Ki karanta kwalin da kyau, domin na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu. In ƙaiƙayin bai tafi ba, likita zai ɗora ta a kan abincin gwaji na mako 8, ba tare da ta ɗanɗana komai daban ba. Man kifi mai omega-3 yakan taimaka wa fata, amma sai an yi mako 6 zuwa 8 ake ganin tasirinsa, kuma ga mai ƙiba likita ne zai auna mata.

TAMBAYA: Tawa kyanwar haɓarta ce ta kumbura ta yi sulɓi, kamar ta turo baki, amma babu baƙin ɗigo ko ɗaya kuma ba ta jin zafi in na taɓa. Shi ne ƙurajen?

AMSA: Da wuya, Malam. Kumburi mai sulɓi da tauri, marar zafi, mai launin ja-ja ko ruwan ɗorawa, wanda kan sauka ya sake tasowa, ya fi kama da wani ciwon alaji da ake kira iyosinofilik giranuloma. Cizon ƙuma ko sauro ko wani abinci ne ke tayar da shi, kuma wanki ba ya yi masa komai. Ka ɗaga leɓenta na sama ka duba ko akwai gyambo, ka kuma shafa bayan cinyoyinta ko za ka ji wani dogon kumburi a miƙe, domin sukan zo tare. In kuwa kumburin a gefe ɗaya yake, yana da ɗumi, bakinta na wari, sai a nemi ruɓaɓɓen haƙori ko gurbin cizon wata kyanwa. Ga wadda ta manyanta, kumburi mai tauri da ke manne da ƙashin muƙamuƙi yana ƙaruwa a hankali yana buƙatar hoton ƙashi da yankar ɗan nama don gwajin daji, kuma ba a jinkirta shi. Ka ɗauki hoton haɓar da waya yau, daga gaba da kuma daga gefe, ka tafi wa likita da shi cikin wannan makon.